Ma'aurata a Tsakiyar Teku: Shirin Gaskiya Shi Ne Kowa Ya Iya Shi Kaɗai

A ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara, idan lokacin mahaukaciyar guguwa ya kusa wucewa a tekun Atlantika, tashar ruwa ta Las Palmas da ke tsibiran Kanari takan cika maƙil da ƙananan jirage masu tafiya da iska. Abin da ke tara su wani gangami ne mai suna ARC, wanda matuƙi kuma marubuci Jimmy Cornell ya assasa a 1986, inda jirage da yawa kan ƙetare teku zuwa tsibirin Saint Lucia a yankin Karebiyan. Nisan ya kai kimanin kilomita 5,000, kuma matsakaicin jirgi kan yi kusan mako uku bai ga ƙasa ba. Cikin masu wannan tafiya, da masu bin hanyar su kaɗai ba tare da gangami ba, akwai ma'aurata da dama: miji da mata da suka yi ritaya, ko suka ajiye aiki, ko suka sayar da gida suka zuba abin da suka tara a jirgi guda. Sukan shafe shekara ɗaya ko biyu suna shiri, kuma wanda ya duba jerin sayayyarsu zai tarar kuɗin ya fi tafiya wajen na'urori: injin mayar da ruwan gishiri ruwan sha, farantan sola, batura, firji, na'urar da ke tuƙi da kanta, intanet ta tauraron ɗan'adam. A ganina wannan jeri ya fara ne daga inda bai kamata ba. Tambayar da ta cancanci zuwa gaban kowace tambaya ita ce: idan ɗayansu ya kwanta ciwo, ko ya karye, ko ruwa ya tafi da shi, wanda ya rage zai iya kai jirgin gaɓa shi kaɗai? Idan amsar a'a ce, to jirgin bai shirya ba, ko nawa aka kashe masa.

Hujjar farko lissafi ce mai sauƙi. Jirgin da ke tsakiyar teku ba ya tsayawa don dare ya yi. Babu inda za a ɗaure shi, kuma zurfin ruwan, wanda kan kai kilomita huɗu zuwa biyar, ya fi ƙarfin kowace anka. Dokokin hana karo a teku na 1972, waɗanda suka hau kan babban jirgin dakon kaya da ƙaramin jirgin shaƙatawa baki ɗaya, sun wajabta a ƙa'idarsu ta biyar cewa a kowane lokaci a sami mai sa ido da kunne. Dokar tana da dalili: jirgin kwantena mai gudun kilomita 35 a sa'a zai iya ɓullowa daga nesa ya iso kan mutum cikin rabin sa'a ko ƙasa da haka, kuma ba lallai ne ma'aikatansa su hango ƙaramin jirgi tsakanin igiyoyin ruwa ba. Su kuwa mutum biyu dole su yi barci. Saboda haka sai su raba dare da rana, wannan ya yi sa'a uku ko huɗu a waje wancan yana kwance, sannan su yi musaya. Ke nan a mafi yawan sa'o'in tafiyar mutum ɗaya ne ke riƙe da jirgin, kuma rabin waɗannan sa'o'i suna hannun wanda ya fi ƙarancin sani a cikinsu. Iskar da ke zuwa da hadarin tsakar dare ba ta tambayar wane ne ke bakin aiki. Idan kuwa kowane ɗan motsi sai an ta da gwanin daga barci, kafin kwana biyar shi ma ya zama gajiyayye mai yanke shawara cikin magagi, an rasa hannu biyun ke nan gaba ɗaya.

Tarihin wannan harka ya nuna cewa teku ba ya zaɓen wanda zai bari a raye bisa la'akari da wanda ya fi gogewa. A 1983 wata Ba'amurkiya 'yar shekara 23, Tami Oldham, da saurayinta da suka yi alkawarin aure, Richard Sharp ɗan Birtaniya, suka ɗauki aikin kai wani jirgi mai tsawon mita 13 daga Tahiti zuwa San Diego. A watan Oktoba guguwar da aka sa wa suna Raymond ta rutsa da su a tekun Fasifik. Richard, wanda ya fi ta shekaru da gogewa, shi ne ya tsaya a sitiyari, ya ce mata ta shiga ciki. Jirgin ya juya, ta bugu a ka ta suma fiye da yini guda, ta farfaɗo ta tarar ruwa ya tafi da shi. Turakun da ke riƙe ƙyallayen kama iska sun karye, inji ya mutu, rediyo da sauran na'urori sun jiƙe sun lalace. Abin da ya rage mata shi ne agogo da wata na'urar hannu ta auna tsayin rana a sama, wadda matuƙan dā ke gane inda suke da ita, da kuma sanin yadda ake aiki da su. Ta kafa guntun sanda ta ɗaura masa ƙaramin ƙyalle, ta yi kwana 41 tana lallaɓa jirgin kimanin mil 1,500 har ta isa Hilo a tsibirin Hawai. Da ta kasance fasinja ce kawai, mai dafa abinci tana jiran a gaya mata inda aka dosa, da ta wuce tsibiran nan ba ta sani ba, ta faɗa sararin ruwan da ba shi da iyaka. Ilimin da ya cece ta kuwa ba a ranar guguwar ta samo shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wasu labarai biyu da ke ƙara haske ta wata fuskar. Miles da Beryl Smeeton, ma'aurata 'yan Birtaniya, sun tashi daga Ostareliya a ƙarshen 1956 da niyyar zagaye Cape Horn, tsinin kudancin Amurka ta Kudu. A watan Fabrairu na 1957 wata ƙatuwar igiyar ruwa ta wuntsila jirginsu, ta jefa Beryl cikin teku daga inda take tuƙi. Ta yi iyo da rauni a jikinta ta komo, kuma da yake akwai mutum na uku tare da su, John Guzzwell, wanda ya iya aikin katako, suka toshe ɓarakar suka isa Chile. Bayan gyara suka sake gwadawa su biyu kaɗai, ruwa ya sake kifar da su, a wannan karo kuma babu kafinta. Abin da kowannensu ya koya da hannunsa shi ya fid da su. Sai kuma Maurice da Maralyn Bailey, waɗanda suka sayar da gidansu a Ingila suka kama hanyar New Zealand. Ranar 4 ga Maris 1973, bayan sun wuce mashigin Panama, wata ƙatuwar dabbar teku da ake kira wel ta fasa jirginsu ya nutse. Kusan wata huɗu suka yi a kwale-kwalen roba kafin wani jirgin kamun kifi na Koriya ta Kudu ya tsince su ranar 30 ga Yuni. Maurice ne masanin hanya, amma Maralyn, wadda ko iyo ba ta iya ba, ita ce ta lanƙwasa fil ta yi ƙugiyar kamun kifi, ta tsara rabon ruwa da abinci, ta kuma hana mijinta yanke ƙauna. Labarinsu yana ɗauke da gargaɗi ma: sun tafi ba rediyon kiran agaji, sun mance kayan kamun kifi a jirgin da ke nutsewa, wutar neman taimako da suka harba ta ƙi kamawa, har jirage bakwai suka wuce su ba su gan su ba. Yawancin waɗannan kurakurai a tashar ruwa aka yi su, tun kafin a kwance igiya.

Idan aka yarda da wannan ma'auni, shawarar farko da zai sauya ita ce girman jirgin da za a saya. Eric da Susan Hiscock sun zagaye duniya tsakanin 1952 da 1955 a jirgi mai tsawon mita tara. Lin da Larry Pardey sun ƙera nasu da hannunsu, suka saka shi ruwa a 1968. Bai kai mita bakwai da rabi ba, ba shi da inji ko ɗaya, kuma sun shafe shekara 11 suna zagaye duniya da shi. Da jirginsu na biyu, mai mita tara, shi ma ba inji, suka zagaye Cape Horn a 2002, kuma jimillar tafiyarsu ta haura mil 200,000. A yau kuwa jirgi mai mita 14 ko 15 ya zama ruwan dare a hannun ma'aurata, domin ya fi faɗi, ya fi sauri, ya fi daɗin zama a tasha. Sai dai girman yana zuwa da nauyinsa. Ankar irin wannan jirgi kan kai kilo 30 ko fiye, ban da sarƙar da kowace mitarta ta haura kilo biyu, kuma ƙarfin da iska ke ɗora wa ƙyallensa ya wuce abin da hannun mutum zai ja. Masu ƙera jirage sun rufe wannan giɓi da injinan lantarki masu naɗe igiya da ɗaga anka, wato ƙarfin da mutum ba shi da shi sai ya ara daga batir. Ranar da batir ya ƙi, jirgin ya koma ainihin nauyinsa. Ba ina kiran kowa ya tafi ba inji irin na Pardey ba ne. Wannan zaɓi ne na mutanen da suka ba sana'ar rayuwarsu duka. Abin da nake cewa shi ne a zaɓi jirgin da wanda ya fi rauni cikin biyun zai iya rage masa ƙyalle cikin duhu, iska na kaɗawa, ba tare da wutar lantarki ba kuma ba tare da ya ta da ɗan'uwansa ba.

Shawara ta biyu ita ce inda kuɗin gyara zai fara sauka. Abubuwan da ke kashe mutane a teku ba su ne ake nuna wa baƙi idan sun zo kallon jirgi ba. Su ne nauyin ƙarfen da ke rataye a gindin jirgi yana hana shi kifewa, da allon tuƙi da ke ƙarƙashin ruwa, da wayoyin ƙarfe masu riƙe turke, waɗanda kamfanonin inshora da yawa ke neman a sauya su kusan duk shekara goma, da kuma kafofin da aka huda a jikin jirgi don shigar ruwa da fitarsa. A watan Mayu na 2014 wani jirgi mai mita 12 da ake kira Cheeki Rafiki yana komawa Ingila daga Antigua, mutanensa suka ba da labarin ruwa na shigo musu ba su gano ta ina ba. Ƙarfen gindin ne ke rabuwa da jiki. Da ya cire, jirgin ya kife nan take, mutum huɗu suka halaka, kuma da aka gano gangar jirgin an tarar da kwale-kwalen ceto yana nan maƙale a mazauninsa. Binciken hukumar Birtaniya ya nuna cewa karon da jirgin ya taɓa yi da ƙasa a baya, da gyaran da aka yi masa, mai yiwuwa su ne suka raunana wurin. Tun daga 2020 kuma dabbobin teku da ake kira orka suna far wa allon tuƙin ƙananan jirage a kusa da mashigin Jibralta, har wasu jiragen sun nutse, kuma wannan ita ce hanyar da yawancin masu zuwa Kanari daga Turai ke bi. Amma gyara waɗannan wurare rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne mutum biyun duka su san kowace kafa da inda makullinta yake, su iya lalubo ta da hannu cikin duhu, su taɓa harhaɗa sitiyarin ko-ta-kwana da kansu. Abin da aka bar wa makaniki a tasha, ko aka bar wa miji shi kaɗai, tamkar babu shi ne a ranar da mai sanin ba ya nan.

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar a batun faɗawa ruwa. Jirgi mai gudun kilomita 11 a sa'a yana nisa da wanda ya faɗa da kusan mita 200 kowane minti, kuma kan mutum a tsakanin igiyoyi yakan ɓace wa ido cikin ɗan lokaci ko da rana tsaka. Idan abin ya faru abokin tafiya yana barci, kafin ya farka bayan sa'a uku jirgin ya yi gaba da fiye da kilomita 30. Shi ya sa gogaggun ma'aurata kan kafa wa kansu doka cewa da dare ba mai fita waje sai da rigar kariya daga nutsewa da igiyar da ke ɗaure shi da jirgi, kuma ba mai zuwa goshin jirgi sai ya ta da ɗan'uwansa. Akwai ma ƙaramar na'ura da ake liƙawa a rigar, wadda ke ta da ƙararrawa a cikin jirgi da zarar ta shiga ruwa. To ko an ji ƙararrawar, aikin yana gaba: mutum ɗaya zai juya jirgi, ya sauke ƙyalle, ya tayar da inji ba tare da igiya ta naɗe farfela ba, ya matso kusa da wanda ke ruwa ba tare da ya taka shi ba, sannan ya ciro mutum mai kilo 80 ko 90, tufafinsa jiƙe, sama da mita guda zuwa bisa jirgi. Ba a yin wannan da ƙarfin damtse; sai da igiyar turke da na'urar naɗe ta, kuma sai an maimaita shi sau da yawa a ruwa mai kwanciya kafin a iya shi a ruwa mai hauka. Ma'auratan da suka sayi firji na biyu amma ba su taɓa gwada ciro juna daga ruwa ba sun fifita jin daɗi a kan rai.

Mai musu zai ce yawancin labaran da aka kawo na zamanin dā ne, yanzu fasaha ta sauya komai. Akwai gaskiya mai yawa a wannan. GPS na nuna wa mutum inda yake a daidai 'yan mitoci, hasashen yanayi na isowa tsakiyar teku, na'urar AIS na nuna jiragen da ke kusa da sunansu da inda suka dosa, kuma tsarin Cospas-Sarsat, wanda ya fara ceton rayuka a 1982, yana karɓar kiran agaji daga ƙaramar na'ura ya miƙa shi ga hukumomin ceto. Dubun-dubatar mutane sun tsira ta dalilinsa. Da su Bailey na da irin wannan na'ura, da wuya su yi ko mako guda a kan ruwa. Wanda ya ƙi waɗannan kayan yau don burga ya yi wauta. Sai dai kusan dukkansu a jijiya ɗaya suke rataye, wato wutar lantarki, a wurin da gishiri da danshi ke cin waya dare da rana. Tsawa guda na iya ƙone na'urorin jirgi gaba ɗaya, igiyar ruwa guda da ta shigo ta ƙofa na iya nutsar da batura, kuma a shekarun nan an sha samun katsalandan ga siginar GPS a tekun Maliya da tekun Baltik da yankin Gulf. Bayan haka, na'ura tana gaya wa mutum abin da ke faruwa ne kawai. Ba ta sauka cikin ɗakin inji ta sauya matatar man dizal da ta toshe, ba ta ɗinke ƙyallen da ya yage, ba ta ɗaure karaya. Fasaha ta rage yawan ranakun da za a buƙaci hannu mai sani, amma ba ta rage tsananin ranar idan ta zo ba.

Wani zai ƙara da cewa ai idan abu ya ɓaci sai a danna na'urar agaji a jira ceto. Wannan tunani ne ya fi damuna, domin yana ɗora nauyin sakacin mutum a wuyan wasu. Jirgin sama mai saukar ungulu ba ya wuce 'yan ɗaruruwan mil daga gaɓa. A tsakiyar teku mai ceto shi ne jirgin kasuwa mafi kusa, wanda zai iya ɗaukar yini ko fiye kafin ya iso, kuma ɗauko mutum daga ƙaramin jirgi zuwa bisa ƙaton jirgi cikin igiyoyi aiki ne mai haɗari ga kowane ɓangare. A watan Afrilu na 2014 wani iyali a jirgin Rebel Heart suka nemi agaji kimanin mil 900 daga gaɓar Meziko, jaririyarsu ba lafiya, jirgi na shan ruwa, wayar tauraron ɗan'adam ta daina aiki. Sai da sojojin ceto huɗu suka diro da lema cikin teku, jirgin yaƙin Amurka ya zo ya kwashe su, aka nutsar da jirgin nasu. An yi ta muhawara a Amurka kan wanda ya kamata ya biya kuɗin. Dokar teku a fili take: yarjejeniyar SOLAS da ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 sun wajabta wa kowane kyaftin taimakon wanda ke cikin halaka, kuma daidai ne kada a sa wa ceto farashi, don kada mutum ya yi jinkirin kira saboda tsoron bashi. Amma tunda ceto kyauta ne kuma wajibi ne, wanda ya fita teku don nishaɗi yana da hakki mai nauyi na kada ya mai da shi abin dogaro. A ruwan Kanari ɗin nan, jiragen ceton Sifaniya su ne ke fita neman kwale-kwalen 'yan ci-rani daga ƙasashe irin su Senegal da Muritaniya da Gambiya, waɗanda fiye da 46,000 daga cikinsu suka isa tsibiran a 2024. Duk sa'ar da aka kashe kan wanda ya fita da gangan bai shirya ba, an rage ta ne daga wani wuri.

Musu na uku ya fi ƙarfi, kuma ya cancanci amsa ta adalci. Za a ce rabon aiki shi ne hikimar kowane gida da kowace sana'a: wannan ya ƙware a inji, wancan a abinci da lissafin guzuri, kuma jirgi ba ya son shugaba biyu. Na yarda jirgi na buƙatar mai magana ta ƙarshe idan lokaci ya ƙure, kuma ba laifi kowa ya fi ƙwarewa a ɓangarensa. Amma shugabanci daban, sani daban. Ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Bilma yana da madugu ɗaya, ba a jayayya da shi kan hanya. Duk da haka ayarin da madugu ne kaɗai ya san inda rijiya take, rayuwar kowa a cikinsa tana rataye ne da lafiyar mutum guda. A ayari akwai mutane da yawa da za su iya maye gurbi, a jirgin ma'aurata kuwa mutum ɗaya ne tak. Don haka rabon aiki ya dace da ranakun lafiya, amma a ƙarƙashinsa dole a sami wani gwargwado da kowa ya iya: tayar da inji da gano abin da ya hana shi tashi, rage ƙyalle, sanin inda ake a kan taswirar takarda, kiran agaji a rediyo, ba da taimakon farko. Wannan ya hau kan mijin ma, domin namijin da bai san inda aka ajiye magani ba, ko lita nawa na ruwa suka rage, shi ma rabin matuƙi ne. Masu cewa aikin ya fi ƙarfin mace kuwa, tarihi ya riga ya ba su amsa. Kay Cottee ta Ostareliya ta zagaye duniya ita kaɗai ba tsayawa a 1988. Jeanne Socrates, wadda ta fara wannan rayuwa tare da mijinta ta kuma ci gaba bayan rasuwarsa, ta yi irin wannan zagaye ta kammala a 2019 tana da shekara 77. Kirsten Neuschäfer ta Afirka ta Kudu ta lashe tseren Golden Globe a 2023, tseren da ake yi ba da GPS ba, bayan ta karkata daga hanya ta ceto wani abokin takara ɗan Finland da jirginsa ya nutse.

A ƙarƙashin wannan duka akwai wata magana da ba a cika son faɗa ba, ita ce sau da yawa burin na mutum ɗaya ne, ɗayan ya biyo ne don soyayya ko don gudun saɓani. Ba aibu ba ne mutum ya bi abin da masoyinsa ke so. Aibun shi ne a ɗauke shi zuwa inda rayuwarsa za ta dogara da ilimin da ba a ba shi ba. Amincewar wanda bai san girman haɗarin ba, kuma ba shi da ikon yin komai idan haɗarin ya zo, amincewa ce mai rauni. Sannan koyo a hannun abokin zama yana da tasa matsalar: wanda ya iya yakan yi saurin karɓe sitiyari da zarar abu ya fara karkacewa, wanda ke koyo kuma yakan ja da baya don gudun faɗa, har a shekara ana tare ba a koyi komai ba. Shi ya sa ya fi kyau mai ƙarancin sani ya je makarantar tuƙi shi kaɗai, irin waɗanda ke bin manhajar ƙungiyar RYA ta Birtaniya, ya yi kuskurensa a gaban malamin da ba za su koma gida tare ba, ya dawo da shaidar abin da ya iya. Daga nan ne maganarsa za ta yi nauyi a jirgin, ya iya cewa yau ba za a fita ba a kuma saurare shi. Ma'auratan da ɗayansu ba shi da ikon cewa a dakata ba abokan tafiya ba ne, direba ne da fasinja.

Musu na ƙarshe shi ne cewa mai jiran cikakken shiri ba zai taɓa tashi ba, kuma tasoshin ruwa cike suke da jiragen da masu su suka tsufa suna gyara. Wannan gaskiya ne, amma ba irin shirin da nake kira gare shi ne ke tsare mutane ba. Abin da ke tsare su shi ne sayen na'ura a kan na'ura, kowace da wayarta da kayan gyaranta da kuɗinta. Shirin hannu da kai ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma ana iya gwada shi a san sakamakonsa. Kafin a fuskanci teku, a fita tafiyar kwana biyu kusa da gaɓa, ɗaya ya naɗe hannu ya yi shiru kamar wanda ya ji rauni, ɗayan ya fitar da jirgi daga tasha, ya rage ƙyalle idan iska ta tashi, ya kashe allon GPS ya bi taswira da kamfas, ya sauya matatar mai, ya jefa wani abu mai nauyi a ruwa ya komo ya ciro shi, ya shiga wata tashar da bai sani ba ya saki anka. Sannan a yi musaya a maimaita. Duk inda aka tuntuɓe, nan ne aikin da ya rage, ko dai a ƙara koyo ko a sauƙaƙa jirgin har ya dace da hannun da ke riƙe da shi. Ajali a hannun Allah yake, kuma babu shirin da zai hana abin da aka ƙaddara, amma tawakkali bai taɓa sauke wa kowa nauyin yin abin da ke cikin ikonsa ba. Idan gwajin ya nuna ɗayansu bai kai ba tukuna, a ɗage tafiyar. Iskar da ke kai jirage yamma za ta sake kaɗawa baɗi, kuma jinkirin shekara guda ya fi sauƙin ɗauka a kan barin abokin rayuwa shi kaɗai a jirgin da bai iya tuƙawa ba.